Kalmar "Station" da Kalmar "Tasha": Sharhi Kan Koyar da Sunayen Ingilishi Kalma da Kalma

Daɗaɗɗiyar al'ada ce a makarantun ƙasar Hausa malami ya jera sunayen Ingilishi a gefe ɗaya na allo, ya jera takwarorinsu na Hausa a ɗaya gefen, sa'an nan ya sa yara su haddace. Wannan hanya tana da sauƙi ga malami da ɗalibi, kuma takan wadatar idan abin da ake nufi ɗaya ne tak, kamar allura ko raƙumi. Amma akwai sunaye na yau da kullum waɗanda hanyar ke yi wa illa, kuma illar ta fi tsanani a inda Hausa ta riga ta ari kalmar. Wannan maƙala za ta ɗauki kalma ɗaya, wato "station", domin nuna yadda hakan ke faruwa.

Kalmar ta samo asali ne daga Latinanci, daga saiwar da ke nufin tsayawa, ta biyo ta Faransanci ta shiga Ingilishi. Tushen ma'anarta shi ne wurin da aka tsayar da mutum ko wani abu domin ya yi wani aiki. Hausawa kuwa sun fi haɗuwa da ita a bakin dogo. An fara shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa daga Baro a 1907, ta iso Kano a 1911, kuma ba da jimawa ba cinikin gyaɗa ya sa talakawa da fatake suka yi ta zirga-zirga a wurin da jirgin ke tsayawa.

Siffar kalmar ma ta nuna ta bakin mutane ta shigo. Hausa ba ta yarda baƙaƙe biyu su haɗu a farkon kalma, saboda haka takan raba su da wasali, kamar yadda aka samu sito da sitaci da sitiyari. A nan kuwa sai aka yar da baƙin farko da na ƙarshe, aka bar "tasha". Da yake ta ƙare da wasalin "a", sai ta zama tamata, aka ce tashar Kano, ta kuma ɗauki jam'i irin na taga da hanya, aka ce tashoshi. Ta haka ta zauna daram, har yawancin masu magana ba su san baƙuwa ba ce. Ana amfani da ita a Maraɗi da Damagaram, inda dogon Turawa bai taɓa kaiwa ba, kuma ta shiga sunayen garuruwa irin su Tashar Yari da ke kan hanyar Kano zuwa Zariya.

To, a nan matsalar take. Ɗalibin da aka ce masa "station" ita ce tasha zai ɗauka ya gama da kalmar, alhali kalmomin biyu sun rabu ta fuskoki uku.

Na farko, akwai wuraren da Ingilishi ke kira "station" waɗanda Bahaushe ba ya ce musu tasha. Wurin 'yan sanda caji ofis ne, wurin sayar da fetur gidan mai ne, wurin jefa ƙuri'a rumfar zaɓe ne, wurin masu kashe gobara kuma ofishin 'yan kwana-kwana ne. Haka nan garin da aka ajiye jami'in mulkin mallaka, wanda Turawa ke kira da wannan suna, bariki Hausawa suka ce da unguwarsa, wadda ita ma kalmar aro ce daga wani tushe dabam. Duk ɗalibin da ya karanta cewa an kai ɓarawo "station" ya fassara da tasha, ya mai da labarin kamu ya koma labarin tafiya.

Na biyu, akwai wuraren da Hausa ke kira tasha waɗanda Ingilishi ke da wasu sunaye dominsu. Hausa ta faɗaɗa kalmar ta game duk inda abin hawa ke lodi da saukewa, ta ce tashar jirgin ruwa da tashar jirgin sama. Ingilishi kuwa "port" yake cewa da "airport". Ɗalibin da ya dogara da jerin allo zai rubuta wa Apapa sunan da babu Baturen da zai gane shi, kuma bai yi laifi ba, domin abin da aka koya masa ya bi.

Na uku, kowace kalma ta tara wa kanta ma'anar zamantakewa. A Hausa, idan aka ce wane ɗan tasha ne, ana nufin marar kunya, wanda bai sami tarbiyyar gida ba, saboda irin kallon da jama'a suka yi wa masu kwana da tashi a wurin lodi. A Ingilishi na littattafai kuwa, kalmar takan nufi matsayin mutum a cikin al'umma, babba ne ko ƙarami. Wanda ya ci karo da wannan ma'ana a wani tsohon littafin adabi, yana riƙe da tasha a ransa, zai rasa inda zancen ya dosa.

Ƙamusoshi ba su da alhakin wannan gaba ɗaya, amma ya kamata a lura da waɗanda aka yi dominsu. Ƙamusun Bargery na 1934 da na Abraham na 1949 an tsara su ne domin mai neman sanin Hausa, kuma sashen Ingilishi zuwa Hausa na Bargery jerin kalmomi ne kawai. Neil Skinner ya juyo da aikin ta fuskar Bahaushe mai koyon Ingilishi a Kamus na Turanci da Hausa na 1965, Roxana Ma Newman kuma ta rarrabe ma'anoni tare da misalai a nata ƙamusun na 1990. A ɗaya ɓangaren, ƙamusun A. S. Hornby na masu koyo, wanda Oxford ta buga a 1948, ya ginu ne kan nuna kalma a cikin jimla. Sai dai an yi shi ne domin masu koyo na duniya baki ɗaya, don haka ba zai iya gargaɗin Bahaushe kan tarkon da harshensa ya ɗana masa ba. Wannan gargaɗi sai wanda ya san harsunan biyu.

Saboda haka aikin yana wuyan malamin Hausa da na Ingilishi tare. Duk lokacin da suna ya zo wanda Hausa ta ara, bai isa a nuna kamanninsu a wuce ba. Ya kamata a kawo kalmar cikin jimloli na gaske, a nuna inda ta yi daidai da ta Hausa, da inda ta zarce ta, da inda ta Hausa ta zarce. Za a iya yin haka ga mota, wadda a Ingilishi asalinta injin ne, da kuma ofis da tebur da kati. Masu nazarin digiri na biyu suna da fili a nan, domin ƙaramin ƙamus na irin waɗannan kalmomi, mai bayani cikin Hausa, zai amfani ɗan sakandare da mai fassarar labarai a gidan rediyo fiye da dogon jerin da ake haddacewa.