Shuka Daban, Tsaron Daji Daban: Sharhi Kan Littafin Wangari Maathai

Wangari Maathai ta wallafa tarihin rayuwarta, Unbowed, a 2006, shekara biyu bayan ta karɓi kyautar Nobel ta zaman lafiya. Masu fassara shi zuwa Faransanci sun raɗa masa suna Celle qui plante les arbres, wato wadda ke shuka itatuwa. A ganina wannan suna ya rage wa littafin ƙarfi, domin inda ya fi ratsa jiki shi ne inda take tsare itacen da ta tarar.

Dubi yadda ta kawo labarin ɓauren da ke kusa da gidansu a yankin Nyeri. Kikuyu na girmama shi, ko kiraren da ke ƙarƙashinsa ba a tsinta. Da aka sare shi don noman shayi, sai ƙoramar wurin ta ƙafe. Ba ta tsaya dogon wa'azi ba, amma ita da kanta ta bayyana alaƙar da ke tsakanin biyun. Haka ta nuna yadda Turawan mulkin mallaka suka share dazuzzukan asali suka jera itatuwan katako na waje, waɗanda ba sa riƙe ruwa kamar na da.

Babin dajin Karura na Nairobi ya fi kowane zafi. A zamanin shugaba Moi an yanka sassan dajin an raba wa masu gine-gine. A Janairun 1999 masu gadi suka fasa mata kai lokacin da ta je dasa itace. Dashen nan hujja ce kawai ta shiga dajin don hana sara.

Littafin yana da rauni. Matan karkara da suka ɗauki ƙungiyar Green Belt tun 1977 ba a cika jin muryarsu ba; an fi ganinsu a taro, marubuciyar na gaba. Ƙarshensa kuma ya yi sauri, kamar rahoton tafiye-tafiye.

Mu ƴan rediyo a Nijar, duk 3 ga Agusta muna ƙirga itatuwan da aka dasa. Wannan littafi na tilasta mana wata tambayar: tsofaffi nawa aka sare a shekarar, kuma wa ya sa hannu a takardar izini?