Zaren da ke Fid da Mutum daga Lungu

Duk wanda ya taɓa ɓata a lungunan Kumbiya-kumbiya ya san abin: ka sha kwana, ka sake sha, sai ga ka a ƙofar da ka baro. Irin wannan ruɗani ne Harrison Birtwistle, ɗan Ingila da ya rasu a 2022, ya mayar kiɗa a Theseus Game na 2003. Tushensa tatsuniyar Girka ce: jarumi ya shiga gida mai lungu-lungu don ya kashe dodo, zaren da Ariadne ta ba shi ne ya fid da shi.

Mutum biyu ke jagorantar makaɗan, kowa da nasa taki. Zaren kuwa wani kari ne guda da makaɗan ke miƙa wa juna. Dabara kam akwai ta. Amma da muka saurara a waya, zaren ya yi ta kuɓuce mana. Sai mai kallon dandalin ke ganin wanda ya karɓa.

A nan namu suka fi. Ranar hawan Sallah a fadar Sarkin Gombe, ganga na nata, kakaki na nasa, amma algaita ba ta yankewa, don mai busa na shaƙar iska ta hanci bai daina busa ba. Ko makaho zai bi ta.

To 'yan Nasarawo, yaranmu nawa ke koyon algaita? Kowa ya koma kiɗan kwamfuta, miƙaƙƙe kamar titi. In zaren nan ya tsinke, wa zai ƙulla?