Babbar Riga a Akwatunan Hausawan Khartum

Mutumin Khartum da Omdurman ya san kula da jallabiyya. A wanke ta fes, a tsoma ta a bula, a sa mata sitati, a miƙa wa mai guga, gobe a sa, jibi a sake wankewa. Tufa ce da aka yi don ruwa da sabulu, kuma a garin da zafi ke haura digiri 40 a watannin Mayu da Yuni, haka ya dace. Ɓarnar tana zuwa ne idan aka yi wa babbar rigar Hausa irin wannan hidima, ita da ba ta son ruwa, ba ta son wutar guga, ba ta son rataya.

Rigunan nan sun daɗe a Sudan. Wasu sun zo a kan jakuna da raƙuma tare da alhazan ƙasa, ta Barno da Wadai da Fashir, masu su suka yada zango don neman guzuri, zangon ya zama gida. Wasu sun biyo hijirar da ta auku bayan yaƙin Burmi a 1903, lokacin da Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya, ya ja jama'a gabas har suka kafa garin Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar. Na baya-bayan nan kuwa tsaraba ce daga Kano da Zariya. Shi ya sa idan dattijon da ya tara riguna ya buɗe akwatinsa, a unguwannin da ke kewaye da Mantiƙa Sinaiya, yankin masana'antun Khartum, ko a Omdurman, za ka iya ganin saƙi da tsamiya da kore da shaddar zamani a jibge wuri guda, alhali kowace da irin kulawar da take bukata.

Mu fara da ninki, domin nan ne ran rigar yake. A Ƙofar Mata ta Kano, mabuga kan yayyafa wa riga ruwa, su ninke ta, su ɗora a kan gungumen itace su yi ta dukanta da mabugi har zare ya kwanta, fuskar yadin ta ɗauki sheƙi. Wannan sheƙi dutsen guga ba ya kawo shi, kashe shi ma yake yi. Wanda ya iya ajiya yakan shimfiɗa rigar a tabarma, ya dawo da hannuwa ciki, ya bi sawun ninkin da mabugi ya bari, ya tabbata aikin aljihu, aska takwas ne ko aska biyu, ya kwanta a miƙe ba tare da karyewa ta tsakiya ba. Sai dai busasshiyar iskar Khartum tana sa tsohon zare ya yi gautsi, kuma rigar da ta shekara biyar a ninki ɗaya kan tsage daidai kan layin. Don haka duk lokacin da aka fito da tsohuwar riga, a ɗan gusar da ninkin gefe. Rataya kuwa ban yarda da ita ba sam. Aikin allura ya fi nauyi a ɓangaren hagu, nauyin sai ya dinga jan wuyan rigar har linzami ya saki.

A nan babbar riga ta yi hannun riga da kilt, fatarin ulu mai tattara da mazan Sikotlan ke ɗaurawa, wanda sojojinsu na rundunonin Cameron da Seaforth suka ɗaura a yaƙin Sudan na 1898. Shi yakan ci yadi takwas, kuma masu tara shi da yawa a gida sukan rataye shi ta ƙugu ko su naɗe shi, don kada tattarar baya ta murɗe. Abin da ya haɗa su da mai babbar riga shi ne tsoron wanki da tsoron asu.

Asu ya fi son ulu da siliki a kan auduga. Saboda haka sai ka buɗe farar riga ka tarar jikinta lafiya lau, amma zaren tsamiyar da aka yi aikin da shi ya zama gari, alharinin shafi ya yi huji-huji. Sitati kuma kiran kyankyaso ne. Rigar da za ta daɗe a ajiye kada a sa mata. Gara ta ƙasa take zuwa, ta bi bango ta shiga gindin akwatin katako, ba a ankara sai an ɗaga rigar ƙarshe. Maganinta a ɗora akwati kan bulo, a raba shi da bango. Akwatin ƙarfe irin wanda masu walda ke ƙerawa ya fi ƙarfin gara da ɓera, kuma ya fi kabad tare ƙurar guguwar habub, wadda ke ratsa ko'ina. Aibinsa zafi: a ƙarƙashin rufin kwano yakan gasa abin da ke ciki. Leda ma ba ta da amana, musamman daga Yuli zuwa Satumba, domin tana riƙe laima ta haifar da fumfuna. Tsohon farin zane da ya sha wanki ya fi ta, a naɗe kowace riga daban. Kore dai a ware ta can gefe, shuninta yana zuba.

Akwai abin da Hausawan Sudan suka gada daga maƙwabta mai kyau, wato turara tufafi da bahur da sandal. Hayaƙin ba laifi. Turaren mai ne abin gudu, ɗigo ɗaya a kan tsamiya ya zama tabon da ba ya fita. Kafur ma a ƙulle shi a ƙyalle, kada ya taɓa yadi.

Duk waɗannan dabaru sun ginu ne a kan hannun da ke buɗe akwatin lokaci-lokaci. A al'ada uwargida ce ke cewa, "Malam, a fito da kayan nan su sha iska," a baza su a inuwa kafin Sallah. Kuma riga ba ta yin zaman dindindin: a sa ta Idi, a ara wa ango, a tuɓe wa baƙo don girmamawa. Abin da ke damuna shi ne samarin da suka tashi cikin jallabiyya, waɗanda da yawansu ba su rarrabe saƙi da barage, balle su san wadda ake wankewa da wadda ake kakkaɓewa kawai.

Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023 ya yanke wannan hannu gaba ɗaya. Mutane sun fita da abin da ke jikinsu, an wawushe gidaje, har Gidan Tarihin Ƙasa bai tsira ba. Tun da sojoji suka karɓe Khartum a Maris 2025 jama'a ke komawa, kuma akwatin da ɓarayi suka bari ya yi aƙalla damina biyu a kulle. Wanda Allah ya sa ya tarar da nasa, kada ya yi gaggawar kai rigunan wanki. Ya fito da su ɗaya-ɗaya, ya shanya a inuwa, ya share ƙura da tattausan ƙyalle, ya ware waɗanda asu ya taɓa. Sannan ya nemi wani dattijo ko wata tsohuwa a dangi su faɗa masa sunan kowace riga da wanda ya zo da ita, ya rubuta a takarda da fensir ya sa a aljihunta.