Farkon Fim ɗin Ban Tsoro

Hausawa sun ce Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba a ke gane ta. Haka nan fim ɗin ban tsoro, tun daga farkonsa a ke sanin ko gwani ne ya shirya shi ko ɗan koyo. Mutum ya kan shiga gidan silima yana raha da abokansa, yana sane sarai da cewa abin da zai gani ƙage ne. Aikin mai shirya fim shi ne ya raba shi da wannan kwanciyar hankali cikin minti biyar ko goma. Kayan aikinsa kuwa uku ne: kyamara, watau na'urar ɗaukar hoto; da tacewa, watau yankan hotunan da aka ɗauka da jera su bi da bi; da sauti, watau kiɗa da ƙara, har da shiru.

Alfred Hitchcock, Baturen Ingila wanda ya shirya Psycho a 1960, ya bambanta razana da zullumi da wani misali. A ce mutum biyu suna hira, ga bam a ƙarƙashin teburinsu. In ya fashe ba wanda ya san da shi, masu kallo za su razana na ɗan lokaci, shi ke nan. Amma in an riga an nuna musu bam ɗin da sa'ar da zai fashe, to, ko wace kalma ta hirar nan sai ta zame musu azaba, gama sun san abin da masu hirar ba su sani ba. Wannan shi ne zullumi, kuma bisa kansa a ke gina farkon fim na kirki.

Jaws, wanda Steven Spielberg ya shirya a Amurka a 1975, labari ne na wani ƙaton kifin teku mai cin mutane, wanda a ke kira shak. Tun a na rubuta sunaye, kyamara tana ƙarƙashin ruwa tana kutsawa cikin ciyawar teku. Ba a nuna mai tafiyar ba, amma tafiyar ta mai neman abinci ce. Tare da ita a na jin kiɗan John Williams, sauti biyu kaɗai masu kauri, suna bin juna, da fari a hankali, sa'an nan suna ƙara sauri kamar bugun zuciyar wanda a ke kora. Kiɗan na kai maƙura sai aka yanke. Sai ga samari da 'yan mata a bakin teku da dare, sun kewaye wuta, a na kaɗa jita. Su ba su san kome ba. Mai kallo kuwa ya riga ya san akwai abu a ruwan nan, watau an nuna masa bam.

Wata yarinya ta tashi da gudu ta faɗa ruwa don ta yi iyo. Saurayin da ya biyo ta giya ta ci ƙarfinsa, ya zube a kan rairayi. Sa'an nan kyamara ta koma can ƙasa, tana duban ƙafafun yarinyar suna motsi a bisa, kiɗan nan ya dawo, kyamara ta soma hawa. Da aka fizge ta, sai aka mai da kyamara daidai fuskar ruwa, kusa da fuskarta, har mai kallo ya ji kamar shi ma yana ciki. A na jan ta nan, a na jan ta can, tana kururuwa. Tsakiyar kururuwar sai aka yanka zuwa ga saurayin, yana kwance, barci na ɗaukarsa, ba a jin kome sai ruwa yana taɓa gaɓa. Wannan yanka ya fi duk abin da ke wurin zafi, domin ya nuna cewa mai ceto yana kusa amma ba zai zo ba. Ta rungumi wani tulun ƙarfe mai ƙararrawa irin wanda ke nuna wa jiragen ruwa hanya, aka sāke fizge ta, ta nutse. Ruwa ya kwanta lumui kamar ba a yi kome ba.

Duk wannan ba a ga ko wutsiyar kifin ba. Igiyoyi aka ɗaura wa mai wasan, Susan Backlinie, ma'aikata suna ja. Kifin ƙarfe da roba da aka ƙera don fim ɗin ya yi ta lalacewa cikin ruwan gishiri, har ya zama sai an yi nisa ƙwarai cikin labarin kafin a gan shi sosai. Wannan cikas ya zama alheri. Ido, wa ka raina? Wanda na ke gani yau da gobe. Dodon da aka gani an san iyakar girmansa, wanda ba a gani ba kuwa kowa ya kan ƙera nasa a zuci, daidai da abin da ya fi tsoro. Tsohuwa mai tatsuniya ta san wannan, shi ya sa ta kan fara da muryar Dodo daga nesa. A 1976 Jaws ya sami lambar Oscar uku: ta tacewa, wadda aka ba Verna Fields, da ta kiɗa, da ta sauti.

John Carpenter ya bi wata hanya dabam cikin Halloween, a 1978. Verna Fields da yanka ta tsorata mutane, shi kuwa da ƙin yanka. Kimanin minti huɗu kyamara tana tafiya kamar ɗauka ɗaya ce, ko da ya ke an ɓoye 'yan mahaɗai a ciki. Ta tunkari wani gida da dare, ta leƙa ta taga ta ga budurwa da saurayinta, ta zaga ta baya ta shiga ɗakin girki. Hannu ya miƙo ya ɗauki wuƙa. A nan ne mai kallo ke farga cewa idon da aka ara masa na mai mugun nufi ne. Saurayin ya fita, kyamara ta hau bene, hannun ya ɗauki fuskar wasa irin ta 'yan barkwanci ya sa. Daga nan majigi ya yi duhu, sai huda biyu na ido, a na jin numfashi a bayansu. Yanka ya kan ba mai kallo damar kau da kai ya huta. Da Carpenter ya hana shi, sai ya zama kamar wanda aka ɗaure a bayan doki mai gudu. Bayan an yi kisan, aka fito waje, ga mota ta tsaya, wani mutum ya cire fuskar wasan. Sai a lokacin nan kyamara ta juyo: ashe yaro ne ɗan shekara shida, yayarsa ya kashe. Kyamara ta ja da baya, ta yi sama, ta bar iyaye tsaye sun rasa ta cewa.

Sauti kuwa, ƙarfinsa ya fi bayyana a farkon The Shining na Stanley Kubrick, na 1980. Daga jirgin sama mai saukar ungulu aka ɗauki wata ƙaramar mota ruwan ɗorawa tana bin hanya tsakanin duwatsu da tafki, rana tsaka. Ba abin da ya faru. Amma kiɗan da aka ɗora an samo shi daga wata tsohuwar waƙar jana'iza ta Kirista mai maganar Ranar Hisabi. Wanda ya toshe kunne zai ga ƙasa mai ban sha'awa, wanda ya buɗe kuwa zai ji lalle motar nan halaka ta nufa.

To, cikin Jaws da Halloween wanne ya fi? Wajen gwaninta sun yi kunnen doki, amma akwai bambanci wajen inda ko wanne ya ajiye zuciyar mai kallo. Spielberg ya ara masa idon kifi na ɗan lokaci, sa'an nan ya mai da shi wurin yarinyar, saboda haka tsoronsa ya gauraya da tausayi. Carpenter ya riƙe shi cikin idon mai kisa har ƙarshe. Abin da ya wanke shi shi ne cire fuskar wasan nan, gama a nan mai kallo ya kan ji kunyar inda aka tsai da shi. Masu kwaikwayonsa da yawa sun ɗauki leƙen, sun bar kunyar. A 1980 waɗansu masu sharhi biyu na birnin Cikago, Gene Siskel da Roger Ebert, sun yi shiri a talabijin suna sukar fina-finan da ke sa mutum ya dubi mace da idon mai farautarta, ko da ya ke sun ware Halloween sun yaba masa. Sukarsu tana bisa hanya. Tsoron da ba tausayi a cikinsa ya kan koma sha'awa, wanda ya saba da shi kuwa zuciyarsa ta kan bushe.

Saboda haka ya kamata mai kallo, in fitilu suka mutu, ya riƙe tambayoyi uku. Idon wane ne aka ara masa? Me aka nuna masa, me aka ɓoye? In ya toshe kunne, me zai rage? Wanda ya iya amsa su ba zai daina jin tsoro ba, gama jiki ba ya jin shawara. Amma zai san hannun da ke jan igiyar, ya kuma iya rarrabe gwanin da ya girmama hankalinsa da mai gaggawar da ya watsa masa jini tun bai zauna ba.