Banɗaki ya cinye ɗakin kwana

Duk wanda ya bi dillali neman gida a Kano cikin 'yan shekarun nan ya san kirarin da ake fara yi wa gida: "Alhaji, kowane ɗaki da banɗakinsa." Kafin a ambaci rijiya, kafin a ce ga inda ruwan sama yake bi da damina, kafin ma a faɗi girman ɗakunan, da wannan ake tarar mutum. A Danbare, a Rijiyar Zaki, a Gaida, a Mariri, sababbin gine-gine a kan wannan tsari ake fitar da su, haka nan a Rigasa ta Kaduna da Kubwa ta Abuja. Abin ya koma kamar farilla, har mai gini yana jin kunyar a ce ɗakin yaransa ba shi da banɗaki a ciki. Abin haushin kuma, ba mai tsayawa ya tambayi daga ina aka yanko filin banɗakin. Fulotin bai ƙara faɗi ba. Daga ɗakin kwana aka yanko shi.

A ɗauki awo a gani. Ɗakin da birkila ya saba fitarwa ƙafa 12 ne tsawo, ƙafa 12 faɗi, wato murabba'in ƙafa 144. Ɗan madaidaicin banɗaki mai ƙafa 5 da ƙafa 7 ya ɗauke 35. A haɗa da kaurin bangon bulo mai inci 6 da filastarsa, lissafi ya haura 40. Fiye da kashi ɗaya bisa huɗu na ɗakin ke nan ya tafi. Gadon amarya kuwa, shida da shida, 36 yake ci. Wato wurin da ake shiga a fito cikin minti goma ya fi wurin da mutum biyu za su kwana a kai dare guda samun fili. Sauran da ya rage ma ba a dunƙule yake ba, lungu ne da saƙo, ga ƙofar banɗakin ita ma tana neman a bar mata hanya.

Ranar jere ake ganin gaskiyar wannan lissafi. Iyaye sun yi shekara suna tari, an sayi gado, sif mai ƙofa shida, madubi, da durowa biyu na gefen gado. Motar kaya ta iso, gwaggonni da yayyen amarya sun ɗaure ɗankwali, sai a tarar ɗakin ya ƙi karɓar kayan. A juya gado gabas ya tare ƙofar banɗaki, a juya shi kudu ya toshe taga. Daga ƙarshe sai a ji wata gwaggo ta ce da kafinta, "Malam, ko za ka rage mana ƙofa biyu a sif ɗin nan?" Sabon kaya fil a sa masa zarto tun amarya ba ta tare ba. Madubi ya koma falo, durowa ɗaya ta koma gidan iyaye. Ango kuwa yana waje da abokai yana ba da labarin cewa gidan selfkon ne, komai a ciki.

Komai a ciki, ban da wurin shimfiɗa sallaya. Mace a ɗakinta take yawancin sallolinta, kuma a ɗakuna da yawa na wannan yayi filin da ya rage mata shi ne ɗan siririn tsakanin gado da ƙofar banɗaki, daidai inda ake takowa da jiƙaƙƙun silifa. Idan haihuwa ta zo, babu inda za a ajiye gadon jariri, babu inda kakar da ta zo zaman jego za ta yada katifa. Mai aikin famfo kuma sau da yawa inda bututu ya fi masa sauƙi nan yake dasa masai, sai bayan an tare mai gida ya lura alƙibla ake fuskanta, ya shiga neman fatawa a kan abin da tun a takardar zane ya kamata a kauce masa.

Sai maganar iska. Banɗaki dole ya jingina da bangon waje don ya sami 'yar tagarsa da hanyar bututu, saboda haka bangon da ya kamata ya ɗauki taga ta biyu shi yake tafiya. Ɗaki mai taga ɗaya iska ba ta ratsa shi, tana shiga ne ta tsaya. A watan Maris da Afrilu, lokacin da zafin Kano ke haura digiri 40, ga wuta ba tabbas, mai irin wannan ɗaki shi ne za a gani ya kwaso tabarma ya fito tsakar gida, in ma an bar masa tsakar gidan.

Ruwan da za a yi hidimar waɗannan banɗakuna fa? Kano tana da matatun ruwa a Challawa da Tamburawa da Watari, amma kowa ya san ruwan famfo bai wadaci tsofaffin unguwanni ba, balle sababbin da ko bututun gwamnati bai isa ba. Wanda ba shi da halin haƙa burtsatse da 'yan garuwa ya dogara. Masai na zamani yana zubar da kimanin lita 6 a kora ɗaya, tsofaffin samfuri lita 9 ko fiye. Jarka mai lita 25 kora huɗu ce ta ƙare. Shi ya sa gida mai banɗaki huɗu za a shiga a ga kan shawa ya yi tsatsa bai taɓa ɗigo ba, tankin masai ya bushe ƙayau, a ƙasa kuma ga bokiti da kofi da buta, su ne ke aikin tun ranar farko. An biya kuɗin kayan otal, ana wanka irin na gidan kaka.

Rashin ruwan nan shi ke jawo babbar masifar da dillali ba ya faɗa. A ƙarƙashin kowane masai da kowace magudana akwai lanƙwasar bututu da ruwa ke kwanciya a ciki, kuma wannan ɗan ruwan shi ne murfin da ke hana iskar sokawe dawowa cikin gida. Banɗakin da ba a amfani da shi kullum, irin na ɗakin baƙi, ruwan nan ƙafewa yake yi, da hunturu ma ya fi saurin ƙafewa saboda bushewar iska. Da ya ƙafe hanya ta buɗe: wari ya hau, kyankyasai su biyo, sauron da ke ƙyanƙyasa a sokawe ya sami ƙofa. Uwargida ta yi ta turaren wuta tana zargin kanta da ƙazanta, alhali laifin na tsarin ginin ne. Idan kuma an yi ƙoron bututun da ke fitar da iskar sokawe sama, kamar yadda wasu magina ke yi don rage kuɗi, ko banɗakin da ake shiga kullum ba ya tsira.

Inda ruwan yake kuma wata matsalar ce ke jira. Bututu a cikin bango aka binne shi, tayil ya rufe. Ya fara tsiyaya ba mai gani, sai fenti ya kumbura a ɗaya gefen, gefen ɗakin kwana, kuma galibi nan bayan sif ne. Kafin a ankara katakon baya ya ruɓe, atamfofi da leshin lefe sun yi fumfuna. Gida mai banɗaki biyar wuri biyar yake da shi da hakan za ta iya faruwa.

Ba cewa ake a koma shadda a ƙarshen gida ba. Tsohon tsari, daga zaure zuwa tsakar gida zuwa makewayi can nesa da ɗakuna, ya raba wurin kwana da wurin ƙazanta, kuma ya yi daidai a nan, amma wanda ya taɓa ratsa tsakar gida cikin ruwan Agusta da tsakar dare yana riƙe da fitila ba zai yi kewarsa ba. Kuma gaskiya ce, akwai waɗanda banɗakin cikin ɗaki ya zame musu rahama. Tsohon da gwiwa ta gaza, mai tsohon ciki, mai jinya. Ma'auratan da ke zaune a gidan gandu, waɗanda fitowa wanka da asuba a gaban surukai ke yi musu nauyi, su kam ba a yi musu gardama. Mai mata biyu ma ya san rigimar da ya kashe ranar da kowace ta sami nata. Wannan hujja ce ta banɗaki ɗaya a ɗakin mai gida, ko ɗaya ga kowace mata.

To ɗakin yara 'yan shekara huɗu da shida fa, me ya kai banɗaki ciki? Santsin tayil ne da bokiti cike da ruwa a bayan ƙofar da babba ba ya gani, kuma mai rarrafe ruwa kaɗan ya ishe shi hallaka. Ɗakin baƙon da ake kwana a cikinsa da Sallah kawai fa? A leƙa irin waɗannan banɗakuna a gidajen mutane a ga abin da suka zama: buhun gawayi, tsofaffin tukwane, keken yaro da ya karye, katan ɗin littattafai a kan murfin masai. Masu gidan da kansu sun nuna abin da suke buƙata, fili suke nema, sito suke nema, sai dai sun biya kuɗin tayil da famfo kafin su samu. Kuɗin kuma ba kaɗan ba ne. A farkon 2024 buhun siminti ya haura naira 10,000, kuma wanda ya zaga Kasuwar Ƙofar Ruwa ya tambayi farashin masai da bututu da tayil ya san banɗaki ɗaya zai iya cin abin da zai yi wa ɗaki biyu silin. Mutum ya bar kicin ba kanta, ya bar gida ba tankin ruwa, wai don kada a ce ɗaki ɗaya ya rasa banɗaki.

Saboda haka mai ƙaramin ɗaki da ke ta juya maganar a ransa, ko ya fasa banɗakin ko ya bari, in dai gidan yana da wani banɗakin da za a iya kaiwa gare shi ba tare da ratsa ɗakin wani ba, ya fasa. Dillali zai ce, "Ranka ya daɗe, darajar gidan za ta faɗi." Wataƙila kuɗin haya ya ɗan ragu, amma wanda ya gina don ya zauna da iyalinsa, ba don mai hayar da bai zo ba, shi ne yake kwana a takure. Wani lokacin ma ba sai an rushe ba: a toshe ƙofar da ke cikin ɗaki, a buɗe wata ta korido, ɗakuna biyu su yi tarayya a banɗaki ɗaya, sannan a fasa na biyun a mayar wa ɗaki filinsa.

Aikin dai yana son hankali. In gidan bene ne ko mai rufin kankare, injiniya ya fara dubawa ko bangon yana ɗauke da nauyi kafin guduma ta taɓa shi. Bututun ruwa a yanke shi daga tushe, kada a toshe bakinsa kawai a bar shi cike a cikin bango. Bututun masai a rufe shi da murfinsa a liƙe sosai kafin a zuba kankare, domin wanda aka cusa wa tsumma da buhun siminti zai dawo da wari bayan wata biyu. Daɓen banɗaki yakan yi ƙasa da na ɗaki, sai an cike an daidaita, kuma a bar bangon ya bushe sarai kafin a yi fenti ko a jingina masa sif. 'Yar tagar nan ta sama kuwa a faɗaɗa ta, a sa mata linta da raga, ta zama taga ta biyu da aka hana ɗakin tun ranar da aka zana shi.