Waye Mai Wannan Bayanin? Gwanintar Sake Fasalin Manhaja

Akwai wani aiki a sana'ar rubuta manhaja da ba kasafai ake yaba wa mai yinsa ba, domin in ya yi shi da kyau, mai amfani da manhajar ba zai ga komai ya canza ba. Maɓallai na nan inda suke, lissafi na fitowa kamar jiya. A ciki aka yi aikin: an kwance, an sake jerawa, ba tare da an taɓa halin manhajar ba. William Opdyke ya rubuta kundin digirinsa na uku kan wannan fanni a Jami'ar Illinois da ke Amurka a 1992, sannan littafin Martin Fowler mai suna Refactoring ya fito a 1999 ya kai shi hannun masu sana'a ko'ina.

A harsuna irin su Java da C# ana kasa manhaja aji-aji, kowane aji yana riƙe da bayanansa da kuma ayyukan da ke sarrafa su. Salon ya samo asali daga harshen Simula da aka ƙirƙira a Norway a shekarun 1960. To amma yau da gobe sai aji ɗaya ya kumbura. Ɗauki manhajar wani kanti: ajin Oda ya tara jerin kaya, da farashi, da sunan kwastoma da adireshinsa, da lissafin rangwame, har da buga rasit. Raba shi uku, wato Oda da Kwastoma da Rasit, ba wuya. Wuyar tana zuwa bayan rabon, lokacin da sabon ajin Rasit ya waiga yana neman jimillar kuɗi da sunan mai saye, alhali yanzu suna hannun wasu.

A nan ake gane gwani. Ɗan koyo kan zuba bayanan duka a wata ma'ajiya da kowane aji ke iya buɗewa, ya ɗauka ya huta. Randa ce a tsakar gidan haya: kowa na tsoma moɗarsa, ranar da ruwan ya gurɓace kuma ba a san hannun wa ya shiga ba. Farashi zai canza a wani lungu na manhajar, a kwana ana neman layin da ya canza shi.

Shi gwani tambaya ɗaya yake fara yi: waye mai wannan bayanin? Idan ya ga wani aiki a cikin Rasit yana ta leƙa farashi da yawan kaya daga Oda don ya haɗa jimilla, ba ya ƙara buɗe masa ƙofa. Ɗauke aikin yake yi kacokan ya mayar da shi cikin Oda, inda bayanan suke. Daga nan Rasit ba ya buƙatar sanin farashin ko da kwalin ashana. Zai ce wa Oda ba ni jimilla, a ba shi. Wannan dabara ta burge ni ƙwarai, don sau da yawa tana nuna cewa bayanan da ake ta fafutukar rabawa tun farko ba su buƙatar barin gidansu. David Parnas ya kafa wannan hujja tun 1972: kowane sashe ya ɓoye shawarar da ka iya canzawa, ya bar wa sauran ƙofa ƙarama.

Inda rabon ya zama dole, gwani yana miƙawa hannu da hannu. Lokacin da ake gina Rasit sai a ba shi Oda da Kwastoma a fili, ta yadda duk mai karanta layin farko ya san abin da ya dogara a kai. In kuma wani aji ya nemi jerin kayan, sai a ba shi kwafi ko jerin da ba ya gyaruwa, kada ya goge wani abu a asalin. Yana kuma lura da bayanan da kullum tare suke tafiya. Adadin kuɗi da nau'insa misali ne mai kyau: 5,000 kaɗai ba ta faɗi komai ba sai an san naira ce ko sefa. Sai ya haɗe su a ƙaramin aji guda mai suna Kuɗi, wanda zai ƙi tara naira da sefa in ba a canza ɗaya ba.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne haƙurinsa. Ba ya rushe komai a zama ɗaya. Zai rubuta gwaje-gwaje tukuna, ya matsar da aiki ɗaya, ya kunna gwaji, ya ga ya wuce, ya adana, sannan ya taɓa na gaba. In gwaji ya faɗi, ya san taki ɗaya kawai zai koma baya.

Kai mai koyo, buɗe manhajar da ka rubuta bara, ka nemi bayani ɗaya da ajujuwa uku ke iya canzawa, ka zaɓa masa mai shi guda, sauran biyun su riƙa tambaya.