A Kan Fassarar Kulorofil da "Koren Ganye"

A cikin takardun koyar da aikin gona da malamai ke fassarawa, an saba kiran abin nan da Turawa ke ce wa kulorofil da sunan "koren ganye". Fassarar ta bi asalin kalmar daidai, gama da Girkanci aka ƙera ta, daga kalmar kore da kalmar ganye, bayan da Pelletier da Caventou suka tace abin a Faransa cikin 1817. Amma fa bin asali bai isa ba. A kunnen Bahaushe "kore" launi ne kurum, shi kuwa kulorofil sinadari ne mai aiki.

Aikinsa shi ne kama hasken rana, musamman ja da shuɗi. Da ƙarfin wannan haske ganye ke haɗa ruwa da iskar nan da muke fitarwa wajen numfashi, ya yi sukari. Koren haske ne ya fi kuɓuce masa, shi ya sa muke ganin ganye kore. Watau mun raɗa masa suna da hasken da bai cika kamawa ba.

Kuskure biyu ke biyo baya. Na fari, ɗalibi ya dubi jan alayyafo ya ce ba shi da koren ganye, alhali yana da shi, wani launi ne ya rufe. Na biyu ya fi muni, shi ne a zaci duk yadda kore ya ƙaru amfani ƙaruwa zai yi. Gaskiya ne in shinkafa ta rasa naitirojin, wanda ke cikin ginin kulorofil, tsofaffin ganyayenta su ke fara yin rawaya, abincin da take haɗawa ya ragu. To amma in ganye ya sami abin da ya ishe shi, ƙari ba ya ƙara aikin yadda aka zata. Taki in ya yi yawa, sai ganyen sama ya yi wa na ƙasa inuwa, kara ya yi tsawo ya raunana, shinkafa ta kwanta tun ba a yanke ta ba. Malamin da ya koyar cewa kore shi ne albarka, lalle ya sa manomi hasarar taki da ta hatsi.

Saboda haka shawarata ita ce a ari kalmar, a raba baƙaƙenta da wasali yadda muka yi wa "burodi", a ce kulorofil, sa'an nan a bayyana shi da "tarkon haske". Yaron da ya taɓa ɗana tarko ya san kome yawan tarkuna, ba su kama abin da bai zo wurinsu ba. Ganyen da ke cikin inuwa ke nan.

Malaman kwalejojin horon malamai su gwada duka biyu a aji, su tambayi ɗalibai batun jan alayyafo, su ji amsar da kowace fassara za ta haifar.